Ragon da Baƙon Sin Bai Ci Ba a Tudun Aduwa

Tun ranar da na dawo daga Damargu kun hana ni sakat. Wannan ya tare ni a bakin kasuwa ya ce, "Habu, da gaske ne mutanen Sin da tsinke suke cin abinci?" Wancan ya riƙe mini riga a ƙofar masallaci yana son jin ko na ga takobin Fulani a zare. Na gaji da maimaitawa, kuma duk sa'ad da na ba da labarin sai in tsallake wurin da ya fi ci mini rai. Yau zan faɗe shi duka, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba.

Kun san aikina, tafinta ne ni a biro, wato ofishinmu na aikin ruwa, a nan Damagaram. Abin da ya kai mu arewa wata tsohuwar rijiya ce a Tudun Aduwa, cikin kwarin Tarka. Tun bayan babban fari ita kaɗai ta rage wa manoman garin da Fulanin da ke kiwo a gefensu. Bazarar bara aka yi faɗa a bakinta, ƙanen Maigari ya rasu, wani saurayin Fulani ma ya rasu. Sai ga taimako daga ƙasar Sin, masu haƙa rijiyar siminti. Manya suka ce waɗannan sababbin baƙi ne, ba su taɓa karɓar jangali a hannun kowa ba, ba su taɓa ja wa kowa iyaka ba, saboda haka ba wanda ke da tsohon ciwo da su. Aka ba mu kwana uku a garin. In ɓangarorin biyu sun yarda da wuri guda, a kafa turke, ma'aikata su biyo baya. In ba su yarda ba, a tsallake garin, don garuruwan da ke jira suna da yawa. Kowa kuma ya san in aka tsallake su, bazarar nan ba za ta wuce ba sai an sake zubar da jini.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, matar Maigarin Tudun Aduwa yayata ce, Hajara, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara huɗu rabona da ita. Na ja bakina na yi shiru don kada a tura wani a maimakona.

Mu uku muka tashi bayan sallar asuba a cikin jif. Akwai Injiniya Liyu, siririn mutum mai tabarau, wanda Faransancinsa ya fi nawa tsabta amma sai ka kasa kunne kafin ka kama. Akwai Kyari direba, Babarbare, wanda bakinsa ba ya hutawa ko yana tauna goro. Sai ni a baya, tsakanin tanti da buhun shinkafa da jarkar mai.

Hanyar Tanut kun san ta, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Sau biyu rairayi ya riƙe mu. Abin da ya ba ni mamaki, kafin in tattare rigata in sauka, Injiniya ya riga ya durƙusa yana tone ƙafar mota da hannunsa. Kyari ya kalle ni ya ce, "Malam Habu, wannan wane irin babban mutum ne? Ni dai ban taɓa ɗaukar shugaban da ya riga ni shiga ƙarƙashin mota ba." Kunya ta sa ni ma na durƙusa, farar rigata ta tashi daga aiki tun ranar farko.

A shingen shiga Tanut wani jandarma ya karɓi takardunmu. Injiniya ya miƙa fasfonsa da hannu biyu ya sunkuya. Jandarman ya ga dattijo ya sunkuya masa, shi ma sai ya sunkuya, saura kaɗan goshinsu ya haɗu. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya dube ni ya ce, "Ta ina ake farawa?" Muka yi dariya, ya ɗaga mana sanda. Dariyar ƙarshe ke nan da na yi da zuciya ɗaya a tafiyar.

A kampama, masaukin baƙi na gwamnati, muka kwana. Da la'asar wani babban jami'i ya kira mu ya yi mana nasiha, gajeriya kuma a fili. Ya ce, "In kun isa, ku kafa tantinku a bakin rijiya, ku ci abincinku. Kada ku sauka gidan kowa." Na juya wa Injiniya, ya rubuta a ɗan littafinsa.

Amsar tambayarku kuwa, e, da tsinke biyu yake cin shinkafa, kuma ƙwaya ɗaya ba ta faɗi. Cikin zafin nan da ke narka mutum, ruwan zafi yake sha daga tarmos. Na ba shi fura mai sanyi, ya dafa cikinsa ya girgiza kai, wai madara ba ta zama masa. Shi yake wanke rigarsa da kansa. Da muna zaune a inuwa na tambaye shi yadda zai sasanta mutanen da ke da gawa a tsakaninsu. Ya ce, "Ni ba sasantawa na zo yi ba. Ƙasata ba ta shiga rigimar cikin gidan kowa. Zan auna ƙasa, in ga inda ruwa yake, in haƙa."

Na ce, "Injiniya, a nan duk wanda ya haƙa rami ya riga ya shiga."

Ya yi murmushi, ya ce ruwa ba shi da ɓangare. Na ƙyale shi.

Washegari muka karkata yamma ta wajen Belbeji. Can ne ake cewa akwai iyakar noma, wadda aka ja a takarda, wai daga nan zuwa arewa na makiyaya ne. Injiniya ya buɗe taswira ya ce a nuna masa. Kyari ya tsayar da mota, ya nuna masa gonar hatsi a dama, kashin shanu a hagu, wata gonar kuma can gaba. Ya ce, "Gaya masa ga ta nan, ya zaɓi inda ya fi so."

Mun isa tsohuwar rijiyar bayan azahar. Wallahi tun daga nesa jikina ya ba ni. Mutane sun fi ɗari amma ba ka jin komai sai kukan shanu da ƙarar igiya. Matan gari na zaune a kudu da tulunansu, mazansu na tsaye a bayansu, kowa da gatari ko baka. Fulani na arewa, sanda a kafaɗa, takobi a rataye. Gugar da ta fito rabinta taɓo ne. Muka yi sallama, aka amsa mana daga ɓangare biyu, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

Muna cikin sauke tanti sai na ji guɗa. Wata mata ta ture tulunta ta taho a guje, mayafinta na jan ƙasa. Yaya Hajara ce. Ta rungume ni tana kuka tana dukana a kafaɗa. Ita ta raine ni bayan rasuwar innarmu, a bayanta na yi wayo. Ta rame har sai da na ji tsoro. Kafin in ce wani abu, Maigari Ilu ya iso da mutanensa, ya ce, "Habu, me nake gani? Tanti? Surukina ya kwana a daji da baƙonsa, ina da rai? Ku ɗauki kayan nan."

To, ku gaya mini, wane ne a cikinku zai iya? Na san abin da aka ce mana a Tanut, ban manta ba. Amma ga yayata riƙe da hannuna, ga mijinta a gaban jama'arsa. Injiniya ya tambaye ni me ke faruwa. Na ce masa, "Al'ada ce, ba a ƙin masauki." Ban ce masa gidan ƴar'uwata ba ne. Ya dubi ɗan littafinsa, ya dube ni, ya bi mu. Kyari ya matso ya ce a hankali, "Malam, ka waiga." Na waiga. Fulanin nan duka sun bar igiya suna kallonmu.

An karɓe mu kamar sarakuna. Tuwon hatsi da miyar kuka, man shanu na yawo a kai, a gidan da na san ruwan sha ma aunawa ake yi. Injiniya ya ajiye tsinkensa ya ci da hannu, gida ya ɗauki shewa. Maigari ya ce gobe zai yanka masa rago.

Da hantsi muka nufi rugar Ardo Bammo, shugaban Fulanin. Muka yi sallama sau uku. Ba wanda ya shimfiɗa mana tabarma. Samari suka taso suka kewaye motar, ɗaya yana shafa kuben takobinsa da babban yatsa. Kyari ne ya cece mu. Kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Ya sauko yana gyara hula ya ɗaga murya, "Kai, bayina! Ubangidanku ya zo tun daga Borno, ba ko ƙwaryar nono? Haka na koya muku?"

Wani tsoho daga cikin bukka ya ce, "Wane ɓarawon Babarbare ne wannan? Ku ba shi tabarma kafin ya sace ta." Shi ne Ardo. Aka shimfiɗa, muka zauna, amma nono bai zo ba.

Ardo dogo ne, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya daɗe yana kallon Injiniya, sa'annan ya ce, "Tafinta, gaya masa. Nasara mun san shi, mun san abin da yake zuwa karɓa. Wannan aka ce mana ba shi da kowa a ƙasar nan, shi ya sa na ce wa yarana su mai da takobi. Jiya da idonmu muka ga ya shiga gidan Ilu, ya ci tuwon Ilu. A wurinmu rijiya ta wanda ya haƙa ce. In baƙo ya haƙa, ta mai masaukinsa ce. Gobe shanuna su zo, a ce mana mu jira sai masu rijiya sun gama. Ɗan ƙanena yana kwance a ƙasa saboda wannan jiran."

Na fara cewa, "Baba Ardo, ba haka..." Ya ɗaga hannu. Ya matso da lafiyayyen idonsa kusa da fuskata.

"Wannan goshin na san shi. Kullum ina ganinsa a bakin rijiya ɗauke da tulu. Kai wane ne a wurin matar Ilu?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Ƙanenta ne." Samarin suka yi wani gunaguni, na ji wani ya tsaya daidai bayana.

Injiniya ya taɓa ni ya ce me ake cewa. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ce in sassauta, ai ba wanda ke jin Faransanci a wurin sai ni. Amma na ga in na ƙara ƙarya a kan ta jiya, wani zai mutu a kanta. Na faɗa masa komai, har da zancen Yaya Hajara. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Tambaye shi me zai gyara."

Ardo ya ce, "Kwana ɗaya da tuwo, mu ce kuskuren baƙo ne. Amma mun ji yau akwai rago. In ya ci ragon nan an ɗaura, ya zama ɗan gida. Ku haƙa rijiyarku, mu ma mun san abin da za mu yi. In yana so mu zauna, ya fita gidan yanzu, rana tsaka, kowa na gani."

A mota Injiniya ya ce, "Jiya ka ce ba a ƙin masauki. To fita daga masauki fa?"

Na ce, "Ya fi muni."

Ya ce, "Ni zan faɗa musu."

Na ce a'a. Ni na shigar da shi, ni zan fitar da shi.

Tun daga bakin gari muka jiyo ƙanshi. An riga an yanka. Ragon layyarsu ne, shi kaɗai ya tsira daga farin, daga baya na ji. Na tarar da Yaya Hajara a tsakar gida, hayaƙi ya sa idonta ja, tana juya nama tana waƙa. Ta ce, "Kun dawo? Maza kira baƙonka, hantar ta yi."

Na ce, "Yaya, kayanmu na zo ɗauka."

Ta ɗauka wasa nake. Da ta ga na fito da jakar Injiniya sai ta ajiye muciya. "Me muka yi muku?"

"Ba ku yi komai ba. In ya ci, Fulani ba za su zauna ba. In ba su zauna ba, ba rijiya."

"Fulani ne za su gaya maka inda za ka ci abinci? Waɗanda suka kashe ƙanen mijina? Ka duba matan da ke cikin gidan nan, duk gari ya zo taya ni aiki. Da wane ido zan dube su?" Ta matso kusa da ni. "Ko loma ɗaya, don Allah. Ya sa hannu kawai ya cire."

Na ce, "Ko loma ɗaya, Yaya."

Na ratsa tsakar gidan da jaka a kowane hannu, mata sun yi tsit. A zaure Maigari na zaune da dattawa. Ya kau da kai. A waje samarin gari sun taru, wani ya ɗaga murya ya ce, "An sayar da mu!" Dutse ya sauka a bayan motar. Kyari ya ja a hankali, ya ce in ya yi gudu za su bi mu. Muka kafa tanti a bakin tsohuwar rijiya, tsakanin mutanen kudu da na arewa, Injiniya ya dafa shinkafa. Ni dai ban ci ko ƙwaya ba.

Rana ta uku, wadda ita ce ta ƙarshe, muka shimfiɗa tabarmi a gindin wata aduwa. Ardo ya zo da hantsi da mutanensa. Maigari bai zo ba. Rana ta take, aka yi azahar, shiru. Fulani suka fara kallon juna, Ardo ya jawo takalmansa kusa. Injiniya ya duba agogo ya fi sau goma. Mutumin da ya ce shi ba ya shiga rigimar kowa, sai ga shi ya miƙe ya ce zai tafi ƙofar Maigari da ƙafa ya tsaya har a fito. Ya yi taku kaɗan ke nan muka hango su tafe, Maigari a gaba, bayansa maza riƙe da baka.

Ya ƙi zama. Ya ce, "Na zo in ji bakin wanda ya tsallake abincina."

Injiniya ya sunkuya har sai da tabaransa ya kusa faɗuwa. Ya ce in faɗa masa ya ci tuwonsa kuma ba zai manta da shi ba. Sa'annan ya juya ga Ardo ya roƙi nono. Aka kawo ƙwarya cike. Ni da na san cikinsa na runtse ido. Ya shanye tas, gumi na zuba. Ya ce, "Yanzu na ci na kowa. Rijiyar ba tawa ba ce, ni tafiya zan yi. Ku gaya mini yadda za ta zama taku ku duka."

Maigari ya ce, "Ba da kai nake ba. Kai baƙo ne, ba ka sani ba. Wanda ya sani shi ya yi mini."

Nan na gane abin da ake jira. Maigari ba zai iya zama ba sai an ɗauke masa kunyar an aza wa wani. Na miƙe a tsakiyar mutane na ce, "Jama'a, ku shaida. An hana mu sauka gidan kowa tun daga Tanut. Ni na ɓoye wa baƙo cewa gidan yayata ne, na ɓoye wa Maigari hanin da aka yi mana. Gidansa bai yi laifi ba, abincinsa ba shi da aibi. Ni ne na ci amanar kowa." Wani dattijo ya yi tsaki ya tofar da yawu kusa da ƙafata. Maigari ya tattara rigarsa ya zauna.

Daga nan aka shiga magana, kuma ba ta zo da sauƙi ba. Sau biyu ana miƙewa tsaye. Injiniya bai yi musu wa'azi ba, tambaya kawai yake yi. Yaushe shanu ke sha? Yaushe mata ke ɗiba? Ta ina garke ke shigowa ba tare da ya taka gona ba? Ya zana a ƙasa da tsinke, baki mai faɗi, gwafa huɗu na rataya igiyar guga, biyu kudu biyu arewa, kwamin shayarwa can nesa ta wajen daji. Ardo ya ce duk wannan zane ne, shi dai rijiya ta mai gumi ce. Injiniya ya ce ƙa'idarsu ma'aikatansu ne kaɗai ke shiga rami. Amma ya ce zai karya ta, kuma shi zai amsa a gaban manyansa. Kowace safiya mutum biyu daga gari, biyu daga ruga, su shiga tare har a cim ma ruwa. Dab da magariba aka kafa turken. Ba wanda ya yi musafaha da wani, amma an shafa fatiha tare.

Da safe kafin mu tashi na ce wa Kyari ya tsaya a ƙofar gidan Maigari. Na yi sallama na jira a waje, don ban ga fuskar shiga ba. Na daɗe a tsaye. Can Yaya Hajara ta fito, ta lulluɓe har goshi. Na ce, "Yaya, an kafa turke. Kafin kaka in Allah ya so kin huta da taɓo. Ki yafe mini."

Ba ta dube ni ba. Ta durƙusa a bakin zaure, nesa da ni, yadda matan ƙauye ke yi wa ma'aikacin gwamnati. Ta ce, "Mun gode da aiki, Malam Tafinta. Allah ya kiyaye hanya."

Ta tashi ta koma ciki.